Tashi Sama Ba Inji: Yadda Ake Koyon Tuƙin Gilaida a Kulob

 

Ranka ya daɗe shugaban taro, masu girma wakilan sarakunanmu, shugaban makaranta da malamai, iyayena maza da mata, ƙannena ɗalibai, ina gaishe ku gaisuwar ban girma. Na gode wa waɗanda suka shirya wannan zama suka gayyato ni Yangoji. Na gode wa waɗanda suka baro gona da kasuwa, da waɗanda suka taso tun daga Kwali da Gwagwalada da Abaji. Allah ya saka da alheri, ya mai da kowa gida lafiya.

Abin da aka ce in yi magana a kai shi ne jirgin sama marar inji, wanda ake kira gilaida, da yadda ɗalibi ke koyon tuƙa shi a kulob. Na hango wasu a can baya suna murmushi, kuma ban ga laifinsu ba. Jirgi ba inji, ba mai, ba farfela, me zai riƙe shi a sama? Kuma ina ruwan ɗan Yangoji da shi? Tambayoyin nan biyu su ne laccar tawa. Na koyi abin a wani kulob a ƙasar waje lokacin da nake karatu, cikin ƙananan ɗalibai masu tura jirgi da jan waya, kuma tun da na dawo gida nake jin ciwon yadda muke barin samaniyarmu a banza. Batutuwa shida zan kawo.

Na ɗaya: me ke riƙe jirgin a sama?

Tun daga lokacin da jirgin nan ya saki wayar da ta ja shi, gangarowa yake yi, ba ya fasawa. Sai dai gangarowar a hankali ce ƙwarai, domin an yi masa fukafukai dogaye sirara da jiki sumul. Ɗaya daga cikin jiragen koyo da aka fi sani a duniya shi ne ASK 21, ƙirar kamfanin Schleicher na Jamus. Faɗinsa daga bakin wannan fiffike zuwa wancan mita 17 ne, nauyinsa ba kowa a ciki kimanin kilo 360. Duk mita ɗaya da ya sauko, ya ci fiye da mita 30 a gaba. Ke nan in aka sake shi a tsayin kilomita ɗaya bisa kanmu, iska na kwance, zai wuce Gwagwalada kafin tayarsa ta taɓa ƙasa. Jiragen gasa na zamani kuwa suna cin mita 50 zuwa 60.

To, yaya mutum ke yin awa biyar a sama? Sai ya nemo iskar da ke hawa da saurin da ya fi na gangarowarsa. A nan nake so kowa ya tuno abin da ya saba gani. Da sassafe ba ka ganin ungulu a sama, tana bisa itace ko bayan mayanka tana jira. Sai hantsi ya dubi ludayi, ƙasa ta ɗau zafi, ka gan ta ta shimfiɗa fukafukai tana kewayawa tana hawa, ba ta kaɗawa ko sau ɗaya. Haka shirwa, haka shamuwa idan ta zo da farkon damina. Me suke hawa a kai?

Rana ƙasa take gasawa, ƙasa kuma ta ɗumama iskar da ke kwance a kanta. Ba ko'ina ke ɗaukar zafi daidai ba. Fa, da gonar da aka ƙone, da kwalta, da garin da ke cike da rufin kwano, sun fi fadama da kurmi da bakin rafi zafi. Iskar da ta yi zafi ta fi ta kewayenta sauƙi, sai ta ɓalle ta yi sama a dunƙule. Guguwar rani da kuke gani tana kwasar karmami da leda ƙafar irin wannan iska ce. In akwai danshi, idan ta kai inda ke da sanyi sai ta zama farin gajimare mai curi-curi a kai, mai shimfiɗaɗɗen gindi. Jirgin yana sauka ƙasa da mita ɗaya a daƙiƙa, iskar kuwa tana hawa mita 2 ko 3, wani lokaci fiye. Ɗalibai, ku yi ɗebewa, ragowar ita ce ribar matuƙi. Ya karkata jirgi ya yi ta kewayawa a cikinta har gindin gajimare, sannan ya miƙe ya nufi wani gajimaren.

Bari in ɗan ratse. Ranar 29 ga Nuwamba 1973 wani jirgin sama ya yi karo da mikiya a sararin Abijan, a tsayin mita 11,300, kuma ba a taɓa tabbatar da tsuntsun da ya kai haka ba. Tsuntsun ƙasarmu ne. Ungulu kuwa, wadda matuƙan gilaida a Afirka ke bi don ta nuna musu inda iska ke hawa, ta yi ƙaranci har a 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Dattawan da ke nan za su ba da shaidar yadda take cika kasuwa a da. Wannan abu yana damuna ƙwarai.

Akwai kuma iskar da ke dukan tsauni ta hau, da wadda ke tsallake manyan duwatsu ta yi tozo-tozo a bayansu har can ƙololuwa. Da irin wannan ne Bajamushe Klaus Ohlmann ya yi tafiyar kilomita 3,008 a yini guda a tsaunukan Andes na Ajantina cikin Janairu 2003, fiye da nisan Legas zuwa Kano sau uku. A Satumba 2018 wani jirgi marar inji mai suna Perlan 2 ya haura mita 22,000 a can ƙasar, kusan ninki biyu na tsayin da jiragen fasinja ke bi.

Na biyu, tarihi, kuma ba zan daɗe a kansa ba.

Marubuta tarihin Andalus sun ruwaito cewa Abbas ibn Firnas na Kurɗuba ya ɗaura fukafukai ya gwada tashi tun ƙarni na 9. Wanda ya mai da abin ilimi na awo da rubutu shi ne Otto Lilienthal na Jamus, wanda ya yi tashi fiye da 2,000 daga kan tuddai tsakanin 1891 da 1896. 'Yan'uwan nan biyu na Amurka, Wilbur da Orville Wright, sun shafe 1900 zuwa 1902 suna koyon sarrafa jirgi marar inji kafin su ɗora inji a Disamba 1903. Bayan yaƙin duniya na farko, yarjejeniyar Basai ta 1919 ta ɗaure hannun Jamusawa a kan jirage masu inji. Sai ɗalibansu suka hau tudun Wasserkuppe tun daga 1920 da jiragen katako da yadi da suka haɗa da hannunsu, kuma a 1922 ɗaya daga cikinsu, Arthur Martens, ya yi awa guda a sama. Ku lura, ɗalibai ne, a ƙasar da yaƙi ya talauta. Shekara uku bayan haka, ranar 1 ga Nuwamba 1925, jiragen sojan Ingila uku suka sauka a Kano, karo na farko da jirgi ya sauka a Nijeriya. Da mu da su ba mu fara ganin abin da tazara mai yawa ba.

Na uku, yadda ake koyo, kuma nan ne zuciyar maganata.

Kulob ɗin gilaida ƙungiya ce ta mutanen da suka haɗa kuɗi suka mallaki jirage da fili tare. Za ka ga likita, da makaniki, da manomi, da yarinya 'yar sakandare, da tsohon da ya yi ritaya. A yawancin kulob na Turai malaman tuƙi ba a biyansu ko kwabo, su ma haka aka koya musu. Abin da ya fi kama da shi a wurinmu shi ne aikin gayya: yau a gonarka, gobe a tawa, wanda kuma ya maƙale a gida ranar ta wani, kada ya sa rai ranar tasa. Mutum ɗaya ba ya tashi sai huɗu ko biyar sun tsaya masa a ƙasa. Wani na kan injin naɗe waya, wani na janyo wayar da mota, wani na riƙe da bakin fiffike, wani na ba da alama, wani na rubuta lokacin tashi da sauka. Shi ya sa abin yake da araha, shi ya sa kuma ɗalibi ke zuwa tun safe ya wuni, don ya sami tashi biyu ko uku na 'yan mintoci.

Da safe a fito da jirage daga rumfa, mutum guda ya bi jirgi gaɓa-gaɓa ya duba, ya sa hannu a littafi. Idan layi ya zo kanka, ka goya laimar tsira, ka shiga kujerar gaba, malami na bayanka. Sandar tuƙinka da tasa haɗe suke, haka fedojin ƙafa. In ba ka da nauyi, sai a ɗaura maka 'yan ƙarafa a hancin jirgi don ma'auni ya daidaita. Ƙannena 'yan mata, ku ji wannan: ba a buƙatar ƙarfin damtse, da yatsu uku ake riƙe sandar. Sannan ka karanto jerin dubawa da ka haddace, da ƙarfi, malami na ji: sanda na motsi, ɗamara ta ɗauru, birkin iska a kulle, murfi a kulle, in waya ta tsinke ga abin da zan yi.

Sai a maƙala waya. Tsawonta ya kai kilomita ɗaya ko fiye, injin na can ƙarshen fili, da ƙyar kake hango shi. Ka ga wayar na jan ciki cikin ciyawa har ta miƙe. Daga nan sai fizga. Mai riƙe da fiffike ya yi taku uku ko huɗu ya saki, kafin ka ƙirga biyar ƙasa ta rabu da kai, hancin jirgi ya dubi sama, bayanka ya manne da kujera. Cikin ƙasa da minti ɗaya kana mita 300 zuwa 500. Ka ja ƙulli, waya ta faɗi, sai shiru, ba abin da kake ji sai shuuu na iska a jikin gilashi, har kuna hira da malami ba ɗaga murya. Wasu kulob ɗin ƙaramin jirgi mai inji ne ke jan gilaida da igiya ya kai shi sama, amma wannan ya fi tsada.

A gabanka akwai agogo uku ko huɗu: na gudu, na tsayi, da na hawa da sauka, wanda ke yin ƙara tsit-tsit-tsit da sauri idan kana hawa, ya koma gurnani idan kana sauka. Amma abin da ya fi su duka faɗin gaskiya shi ne ɗan zaren ulu da aka manna da salatif a wajen gilashi, daidai saitin idonka. In hannunka da ƙafarka sun yi aiki tare, zaren na miƙe sak. In ɗaya ya riga ɗaya, zaren ya karkace, jirgi na tafiya a kaikaice yana asarar tsayi. Duk ɗalibi ya sha jin murya daga baya tana cewa, "Zare!" Kalma ta biyu da zai sha ji ita ce, "Duba waje!" Domin sabon ɗalibi idonsa na liƙe wa agogo, alhali jiragen 'yan'uwansa na kewayawa a iska ɗaya da shi.

Akwai wata ƙa'ida da nake ƙauna. Idan malami zai ba ka tuƙi sai ya ce, "Jirgi na hannunka." Kai kuma dole ka amsa, "Na karɓa." Haka in zai karɓe. Ba a yarda a sami daƙiƙa ɗaya da kowa ke zaton ɗan'uwansa ne ke riƙe ba. Shugabanni da ke nan, ofisoshinmu nawa ne suka lalace saboda rashin wannan amsa?

Darasi na bin darasi, ana rubutawa a littafinka. Tafiya miƙe, juyawa, kewayen sauka. Sannan a kai ka sama sosai a sa ka rage gudu da gangan har fiffike ya daina ɗauka, jirgi ya yi rawa ya sunkuya, don ka san alamun a jikinka ka kuma san magani. A sa jirgi ya shiga wulwulawa, ka fitar da shi. Ana cikin hawa malami zai saki waya ba sanarwa, ya yi shiru ya ga abin da za ka yi. Amsa ɗaya ce: hanci ƙasa tukuna, a sami gudu, sannan a yi tunanin inda za a sauka. Sauka kuwa sau ɗaya ce. Mai inji in bai ji daɗin saukarsa ba ya ƙara wuta ya sake zagayowa. Kai ba ka da wannan, don haka tun kana sama kake auna tsayi da iska da nisan fili da ido.

Bayan tashi gommai, wani ma ya kusa ɗari, wata rana malami zai fita, ya ɗaure ɗamarar kujerarsa ba kowa, ya ce ka je kai kaɗai. Jirgin zai yi maka sauƙi, ya hau fiye da yadda ka saba, kuma ba mai cewa "Zare!" sai kai. A Ingila da Jamus da Amurka doka ta yarda ɗan shekara 14 ya yi wannan tashi, ya karɓi lasisi yana da 16. Daga nan sai neman lambar azurfa ta hukumar wasannin sama ta duniya: awa 5 a sama, hawan mita 1,000, da tafiyar kilomita 50. Shekara 14, jama'a. Nawa ne a ɗakin nan suka kai?

Na huɗu, haɗari. Iyaye mata, na ga fuskokinku, kuma ba zan ɓoye muku ba: ana mutuwa a wannan abu. Lilienthal kansa faɗowa ya yi daga tsayin mita 15 a Agusta 1896, ya rasu washegari. Abubuwan da suka fi kisa sanannu ne: rage gudu kusa da ƙasa, kuskure a kan waya, karo a sama, da taurin kan wanda ya ƙi sauka a gonar mutane ya ce lalle sai ya kai gida. Duk darussan da na lissafa don su aka yi su. A ƙasarmu akwai ƙari. Hadarin damina, wanda ke tasowa daga gabas da iska mai ƙarfi a gabansa, yana iya karya jirgi, ba a wasa kusa da shi. Hazon hunturu na rufe ido, yana kuma rage zafin da ƙasa ke samu. Zafin rana a ƙarƙashin gilashi na busar da mutum ya rage masa tunani, sai da hula da ruwa. Gonakinmu kuma ba shimfiɗaɗɗu ba ne: tulin doya, kunyoyi, kututture, wayar lantarki, garken shanu. Kulob ɗin da za a kafa a nan sai ya bi ƙasa da ƙafa ya san filayen da za su karɓi jirgi kafin ya bar ɗalibi ya yi nisa. Tawakkali na nan, amma bayan an duba jirgi an sa hannu.

Na biyar, amfanin me? Ranar 23 ga Yuli 1983 mai ya ƙare wa wani Boeing 767 na Air Canada a sama, da mutum 69 a ciki. Matuƙin, Robert Pearson, gwanin gilaida ne. Ya gangaro da shi ba inji ya sauke a tsohon filin soja na Gimli, har ya yi amfani da dabarar zamewa a kaikaice da ake koya a kulob don rage tsayi. Ba wanda ya mutu. Chesley Sullenberger, wanda ya sauke jirgi a kogin Hudson na New York ranar 15 ga Janairu 2009 mutum 155 suka tsira, shi ma ya yi gilaida tun yana makarantar sojan sama. Amma ko wanda ba zai zama matuƙi ba ya ƙaru. Yaron da ya yi shekara biyu a kulob ya san yanayi, ya san gyaran ƙarfe da katako, ya ga amfanin lissafi da fiziks da idonsa, ya kuma saba da faɗin gaskiya in ya yi kuskure, domin ɓoye tsagewa a fiffike kisan kai ne.

Na shida, mu fa?

An taɓa gwadawa a Afirka ta Yamma. A 1962 Kwame Nkrumah ya gayyato Bajamushiya Hanna Reitsch ta kafa makarantar gilaida a Afienya, kusa da Tema a Gana. Matar gwanar tuƙi ce, amma ta yi wa gwamnatin Hitila aiki, kuma wannan tabo bai rabu da sunanta ba. Matasan Gana sun koyi tashi a can. Da soja suka hamɓarar da Nkrumah ranar 24 ga Fabrairu 1966, ita ta bar ƙasar, makarantar kuma ba ta sake komawa yadda take ba. A ganina dalilin a fili yake: an rataye ta a wuyan shugaba ɗaya da baƙuwa ɗaya. Kulob ɗin Jamus kuwa na membobinsu ne, gwamnatoci sun zo sun wuce suna nan. A kudancin nahiyarmu abin ya kafu: an yi gasar duniya a Mafikeng ta Afirka ta Kudu a 2001, kuma duk shekara Turawa na kwaso jiragensu a kwantena zuwa Bitterwasser a Namibiya, don neman rana da busasshiyar ƙasa. Wa zai ce mu ba mu da rana?

Muna da mutane ma. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya na nan tun 1964, ta yaye matuƙa da injiniyoyi, har Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja a Nijeriya, ta shugabance ta. Sai dai karatun jirgi mai inji miliyoyin naira ne, ɗan manomi ba ya ko leƙa ƙofar. Kulob ne zai iya zama matakin ƙasa, inda za a gane mai hannu tun yana ƙarami kafin a kashe masa dukiya. Abin da ake buƙata shi ne fili miƙaƙƙe mai tsawon fiye da kilomita ɗaya, da injin waya, da tsohon jirgi mai kujera biyu, da ƙwararren malami, da injiniyan da zai sa hannu, da izinin hukumar NCAA mai ba da lasisi da NAMA mai kula da sararin samaniya. Wannan na ƙarshe ba ƙarami ba ne a nan, domin muna kusa da filin jirgin Nnamdi Azikiwe, kuma manyan jirage na bi ta kanmu. Mai yiwuwa filin ya zama sai an matsa nesa da Abuja. Amma membobin za su iya fitowa daga nan.

Kafin wannan, ga abin da ba ya jiran izinin kowa. Yaranmu na ƙera mota da kara da gwangwani. Malaman kimiyya, ku sa su ƙera jirgi da karan dawa da takarda, su liƙa ɗan ƙusa a hanci, su matsa shi gaba su jefa, su matsa shi baya su jefa, su auna nisan da igiya su rubuta. Aikin da Lilienthal ya yi ke nan. Ku buɗe littafi a aji, kullum ɗalibi guda ya rubuta ƙarfe nawa farin gajimare na farko ya fito, ta ina iska ke busowa, ƙarfe nawa shirwa ta fara kewaya, kuma bisa wane wuri. In kun yi shekara kuna yi, kun san samaniyar Kwali sanin da duk malamin tuƙin da zai zo sai ya nemi littafinku. Ku kuma riƙe Ingilishi da kyau, da shi ake magana a rediyon jirgi.

Ranka ya daɗe shugaban taro, na ci lokaci, a gafarce ni.  Yanzu fili naku ne. Duk mai tambaya ya ɗaga hannu, kuma ina roƙon a bar ɗalibai su fara, 'yan matan da ke layin gaba tukuna, sannan manya.